Agogo Mai Cin Gaisuwa

Da sharaɗi Inna ta ba ni agogon Baba. Ina tsugune a gabanta ina yi mata sallama, jakata tana zaure, sai ta kwance shi daga damtsenta ta ɗora mini a tafin hannu, da ɗumin jikinta a kansa. Ta ce, "Auta, tun ranar da babanku ya sayo agogon nan bai taɓa tsayawa ba. In ya tsaya a hannunka, ka aiko wa yayanka da shi. Shi ma ɗansa ne."

Yaya yana tsaye a bakin ƙofa ya harɗe hannu. Kowa a gidan ya san ya daɗe yana son agogon, kuma in girma za a bi, shi ya kamata a ba wa. Ni kuwa, maimakon in yi godiya in tashi da mutuncina, sai na ce, "Haba Inna, a hannuna zai tsaya? Ni da zan koma garin da ba a zama?" Da bakina na faɗi haka, a gaban shaidu.

Agogon ba na batir ba ne, kuma ba irin wanda ake murza wa kai kowace safiya ba ne. Ko ka murza kan nasa, lokaci kawai za ka gyara, ba za ka ƙara masa ƙarfi ba. Motsin hannun mai shi ne abincinsa. In an ɗaura shi ana hidima, yana aiki. In an ajiye shi kamar kwana biyu, sai ya yi shiru. Fuskarsa ruwan ɗorawa ce, tana nuna sunan rana da Larabci, gefensa kuma akwai maɓalli biyu. In aka danna na sama, wata doguwar allura takan tashi tana zagaye, ba ta tsayawa sai an sake dannawa.

Baba malamin firamare ne. A Makka ya sayo shi, wai don auna tseren 'yan makaranta, amma mu 'ya'yansa muka fi shan wahalarsa. Iyayen wasu in za su aiki yaro, yawu suke tofawa a ƙasa su ce ya dawo kafin ya bushe. Baba ya wuce nan. Sai ya danna maɓalli, ya juyo maka da fuskar agogon ka ga allura ta tashi, ya ce, "Je ka dawo." Yawu, in garin da sanyi, yakan yi wa yaro alfarma. Allurar nan ba ta san alfarma ba. Kuma ba ɗan aike ke tsayar da ita ba. Sai ka dawo ka tsuguna ka ba da saƙo, sannan wanda ya aike ka ya danna da hannunsa.

A hannun dama Baba yake ɗaura shi, don ya ce abu mai daraja ba ya zuwa hagu. Da wannan hannun kuma yake gaisawa da unguwa kaf. Daga ƙofar gida zuwa masallaci, tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba, Baba zai miƙa hannu, ya kai ƙirji, ya sake miƙawa, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ya tambayi jikin tsohuwar da ta warke tun bara. Muna yara mun tsani a ce mu raka shi. Da ya rasu, Inna ta ɗauki agogon ta ɗaure a damtse tun kafin a dawo daga maƙabarta. Wata gwaggonmu ta ce mai takaba ba ta ado. Inna ta ce wannan ba ado ba ne, amana ce. Da shara da tankaɗe da dakan yaji ta riƙe shi shekara da shekaru, bai yi ko tari ba.

To, wannan agogon ne na kawo New York na ɗaura a hannun hagu, irin na 'yan boko.

Aikina a wani asibiti ne, amma ban taɓa ganin majinyaci ba. Bayanansu nake shigarwa a kwamfuta, kuma yawancin kwanaki daga gida nake yi. Gidan nawa ɗaki ne da falo can sama a wani dogon bene a unguwar Concourse Village, cikin yankin Bronx. Matata da yara suna Kano a lokacin, takardunsu ba su fito ba. Saboda haka rayuwata daga gado zuwa kujera ce, daga kujera zuwa darduma. 'Yan yatsuna suna aiki kamar me, amma tsintsiyar hannu tana kwance a kan tebur tun safe. In na fita kuwa, hannu yana aljihu saboda sanyi, ko babu sanyi saboda sabo. A lifta ina kallon lambobi. Ranar Juma'a nakan je wani masallaci a unguwar Morrisania, liman na yin sallama ina neman takalmina. Garin da ba a zama ne da gaske, sai dai ni na samu yadda na zauna a cikinsa.

Ba a daɗe ba agogon ya fara rikicewa. Yau ya yi gaba, gobe ya ja baya. In na kara a kunne sai in ji bugunsa ya yi laushi. Ga shi kowace Juma'a in na kira Inna ta bidiyo, kafin ta tambayi lafiyata sai ta ce, "Kara mini shi in ji." In kara shi a bakin waya, ta rufe ido tana saurare, sannan ta ce, "To, yaya kake?" Tsoro ya kama ni, tsoro na gaske. Ba na son in rasa agogon, don shi kaɗai ne abin Baba da nake da shi a nan. Kuma ba na son in ga fuskar Yaya ranar da za a miƙa masa.

Mai hankali da ya ga haka, tashi zai yi ya zaga unguwa. Ni sai na zauna na fara bincike.

Na karanta tarihin agogon tun daga tushe. Ashe a ƙarshen shekarun alif ɗari tara da sittin an yi wani irin tsere tsakanin maƙeran agogo. Agogo mai cin motsin hannu akwai shi tun kafin nan: wani ƙarfe ne mai nauyi a cikinsa, siffar rabin faifai, yana lilo duk lokacin da hannu ya motsa, lilon kuma yana naɗe zaren ƙarfen da ke tura komai. Agogo mai allurar auna tsere shi ma akwai shi. Haɗa su biyun a gida ɗaya ne ya gagara, don kowanne yana cin wuri, kuma ba wanda zai yarda ya ɗaura tukunya a hannu. Ɓangare uku suka shiga neman mafita. Wasu a Suwizalan suka ƙera nasu mai bugu da sauri ƙwarai. Wasu kamfanoni, su ma yawanci na can, suka haɗa kai suka ƙanƙantar da ƙarfen lilon, suka ɗora injin allurar a kansa hawa biyu, har kan agogon ya koma gefen hagu. Mutanen Japan kuma, ba tare da surutu ba, suka fito da nasu a kasuwar gida, wanda allurarsa ke tashi sumul ba tsalle. Duka a shekara ɗaya suka fito, kuma har yau kowane ɓangare yana cewa shi ya riga. Ba su gama murna ba agogon batir ya shigo kasuwa, mai araha, wanda ba ya neman komai a wurin kowa, ya kusa tura su duka gida.

Na Baba na Japan ne. Na ma karanta cewa wani ɗan sama jannati ya tafi da irinsa sararin samaniya, inda abu ba ya da nauyi, kuma ya yi masa aiki lafiya lau. Wato agogon da bai gaza ba a inda babu sama babu ƙasa, shi ne yake neman shiɗewa a hannuna a Bronx.

Ilimin nan ya hau mini kai. Duk wanda tsautsayi ya sa ya tambaye ni ƙarfe nawa, sai ya ji labarin Suwizalan. Wata Juma'a na zazzage wa Inna tarihin gaba ɗaya, har da zane a takarda ina nuna mata yadda ƙarfen ke lilo. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Madalla. Kara mini shi in ji."

Daga nan na shiga dabaru. Na fara da girgiza hannu a jirgin ƙarƙashin ƙasa, har ranar da wata mata ta ja ɗiyarta suka canja kujera, a garin da mutum zai shigo jirgi yana wa'azi da kaza a kafaɗa ba mai ɗaga kai. Na koma ɗaura shi a ƙafa ina karkaɗawa a ƙarƙashin tebur, ƙafar ta yi tsami. Sai na tuna Inna da hidimar gida ta riƙe shi, na koma tuƙa tuwo kullum. Wannan dabarar ta yi aiki. Matsalar ita ce mutum ɗaya ne a gidan, kuma an hore mu ba a zubar da abinci. Cikin ɗan lokaci agogo ya farfaɗo, ni kuma wandunana suka daina rufuwa.

A cikin binciken nawa ne na gano cewa akwai injin da aka ƙera musamman don mutane irina. Ɗan akwati ne mai murfin gilashi, ka sa agogo a ciki, ka jona da wuta, ya yi ta juya shi a hankali dare da rana. Na sauka titin Canal Street na same shi a teburin wani mutumin Nijar mai sayar da agoguna da tabarau. Yana jin Hausa a bakina ya saki fuska, ya kama hannuna da nasa biyu, ya fara, "Ina gajiya? Ina labarin gida? Mutanen Kano suna lahiya?" Na ce lafiya lau, na zare hannuna, na nuna masa akwatin. Sauri nake yi in je in ceci agogon Baba, ba ni da lokacin gaisuwa.

Na kawo inji na jona a soket ɗin kicin. Agogo ya samu lafiya irin wadda bai taɓa samu ba a wurina. Ranar Juma'a in ciro shi, in ɗaura, in kara wa Inna, in mayar. Na ma yi wa kaina fatawa: cewa ta yi kada ya tsaya, ba ta ce lallai da me zai yi tafiya ba. Na ji daɗin kaina sosai a wannan lokacin. Har nakan tsaya da kofin shayi ina kallonsa yana juyawa, ina jinjina wa basirata.

Sai yanar idon Inna ta yi ƙarfi, muka shirya ta zo a yi mata aiki a nan. Na gyara gida, na sayo bargo, na cika firij. Injin kuwa ko tunaninsa ban yi ba, don ya riga ya zama kayan ɗaki a idona.

Washegarin isowarta da safe na fito na same ta a kicin, tsaye a gaban akwatin, ta kawo fuska dab da gilashin saboda idon. Agogon Baba yana ta juyawa a ciki.

Ta ce, "Auta, wannan fa?"

Na ce, "Inji ne, Inna. Shi yake motsa shi. Ai fasaha ce, masu manyan agoguna duk suna da shi."

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Wato shi ke gaisa maka da mutane."

Ta zare wayar injin daga soket ta jona butar shayi. Ta buɗe murfin, ta ciro agogon, ta ɗaga hannun rigarta ta ɗaure shi a damtse inda ya saba zama. Na fara kare kaina, na ce ai bai tsaya ba, ko sau ɗaya bai tsaya ba, sharaɗi bai karye ba. Ta ce, "Ban ce ya tsaya ba. Zan duba in ga wanda zan bar wa." Ta tambaye ni inda nake ajiye sukari.

Na ji kunya, kuma na ji haushi, haushin ma ya fi yawa a ranar. Ni da na san sunan kowane ƙarfe a cikin agogon nan, an ƙwace mini shi a kicin ɗina.

Da aka yi aikin idon ta fara gani tangaran, sai ta ce zaman ɗaki ya ishe ta, in raka ta ta gaida maƙwabta. Na ce, "Inna, nan ba a yin haka. Kowa harkarsa yake yi." Ta ce, "To su yi harkarsu, ni gaisuwa zan yi." Ta yafa mayafi ta ƙwanƙwasa ƙofar da ke kallon tawa.

Wata mata ta buɗe, wadda na shekara ina gyaɗa wa kai a lifta. Inna ta yi mata sallama da Hausa, ni kuma na buɗe baki zan fassara. Matar ta dafe ƙirji ta ce, "Hajiya, maraba, maraba. Ku shigo ciki." 'Yar zangon Kumasi ce ta ƙasar Ghana, Hausa a bakinta tun haihuwa. Ta kalle ni ta ce, "Ashe ɗanki na jin Hausa? Mu mun ɗauka ba ya magana ne." Inna ta ce, "Yana yi. Tarihi yake bayarwa."

Daga ranar aka buɗe mini aiki. Matar ta kai mu wurin wani dattijo mutumin Maraɗi a hawan ƙasa, wanda ya yi shekaru yana tuƙa mota a ofishin jakadanci kafin ya huta. Inna ba ta ba maza hannu, saboda haka in mun iso wurin namiji sai ta rusuna ta gaishe shi da baki, ta zungure ni da gwiwar hannu ta ce, "Miƙa hannu mana." Dattijon nan in ya kama hannunka ba ya saki. Zai girgiza, ya kai ƙirji, ya dawo ya kama, ya tambayi sanyi, ya tambayi aiki, ya tambayi yaran da bai taɓa gani ba ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuma wata tsohuwa mai jin Sifaniyanci kaɗai, da suke haɗuwa da Inna a ɗakin wanki. Inna ta yi mata da Hausa, ita ta amsa da nata, suna riƙe da hannun juna, kowacce tana gyaɗa kai. Na tambayi Inna me suke cewa. Ta ce, "Ƙafarta ce ke ciwo, kuma ɗanta ba ya zuwa." Ban san yadda aka yi ta sani ba, amma da na bincika haka ne.

Ranar Juma'a ta hana ni gudu. Ta ce za ta jira ni a wajen masallaci tare da matan, kuma kada in fito sai na gaisa da sahun da na yi salla a ciki. Na fito kafaɗata tana ciwo. Wani ɗan Zariya da ke koyarwa a jami'a ya ce ya daɗe yana ganina, ya ɗauka ni ɗan leƙen asiri ne.

Duk wannan hidimar da hannuna ake yi, amma agogo yana damtsen Inna. Ban sake tambaya ba, ita ma ba ta sake tayar da maganar ba. Yaya kuwa ya fara kira a kai a kai, muryarsa wasai, yana tambayar jikin Inna, yana ƙarewa da, "Kayan Baba dai suna lafiya ko?" Na tabbata labarin inji ya isa Kano. Da lokacin komawarta ya matso, na riga na sallama. Nakan kalli hannun rigarta inda agogon ya ɗan taso, in kau da kai. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne na daina jin haushi. Na fara jin cewa in ta tafi da shi, ba ta zalunce ni ba.

Ranar tafiya gidana ya cika. Matar Kumasi ta kawo yaji a kwalba, dattijon Maraɗi ya ce shi zai kai mu filin jirgi da motarsa, tsohuwar ɗakin wanki ta zo ta rungume Inna tana kuka da yarensu. Ina rufe babban akwati sai na ga injin a ciki, an naɗe shi da zane. Na ce, "Inna, wannan fa?" Ta ce, "Tsarabar yayanka ce." Na ɗauka inji zai bi agogo ne. Na ja zif.

A filin jirgi, da ma'aikaciyar da za ta tura ta a keken tsofaffi ta iso, na tsuguna a gaban Inna kamar yadda na yi a Kano. Ta yi mini addu'a mai tsawo. Sannan ta ɗaga hannun riga ta kwance agogon, ta ce, "Kawo hannunka."

Na miƙa hagu. Ta buge shi.

Na miƙa dama. Ta ɗaura mini da kanta, tana laluben ramin maɗaurin, ta ja ta tabbatar ya zauna. Sai ta juyo da fuskar agogon wajena, ta sa babban yatsa ta danna maɓallin sama. Doguwar allurar ta tashi.

Ta ce, "Je ka dawo."

Ita ce mai tafiya, amma ni aka aika. Ma'aikaciyar ta juya keken, suka shige, ni kuma ina tsugune a tsakiyar mutane ina kallon allura tana zagaye, hawaye na zuba, ƙaton mutum da tumbin tuwo. Dattijon Maraɗi ne ya kama ni ya tayar, kuma da ya kama hannun bai sake shi ba har muka isa mota.

Yaya ya karɓi injinsa. An ce ya ajiye shi a kan talabijin, yana juyawa babu komai a ciki, kuma ya yi wata guda ba ya ɗaukar wayata.

Agogon yana hannuna na dama yanzu, kuma bai tsaya ba. Safiya takan cinye mini lokaci kafin in isa bakin titi, don sai na tsaya a ƙofar da ke kallon tawa, na tsaya a hawan ƙasa, ranar wanki kuma na tambayi ƙafar tsohuwa da hannu da ka. Allurar ma tana nan tana zagaye tun ranar. Ban taɓa maɓallin ba, don ba ɗan aike ke tsayar da ita ba. Inna ta tsufa, kuma duk Juma'ar da na ga fuskarta a waya nakan ji tsoron kada in makara. Na nemi hutu a wurin aiki don in je Kano, sun ce sai bayan sallah. Da na gaya mata, ta ce to, Allah ya kai mu, ita dai ba ta manta wane maɓalli ne ba.